Garken Dada a Ƙafafun Baba

Kujerar da Yaya Salisu ya sayo wa Baba ta fi katifata laushi, kuma tun ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu da ke Laranto na tsane ta. Irin mai sanda a gefen nan ce, in ka ja sai ta miƙe maka ƙafafu. Yaya ya sa aka ajiye ta a baranda inda hantsi ke sauka, ya zaunar da Baba a kai, ya rufa masa bargo saboda sanyin Jos, sannan ya juyo ya kafa mana doka: daga yau Baba ya huta.

Babanmu, Malam Usumanu, makiyayi ne kafin ya zauna a gari. Da ƙafarsa yake gangarawa da shanu daga kan dutsen nan har wajejen Lafiya in rani ya yi, ya dawo da su in damina ta faɗi. Ni Amatullah, autarsa, ban riski wancan zamanin ba, amma na tashi na ga mutumin da ba ya shiga mota sai dole. Bara taifot ta kwantar da shi a asibiti. Ya warke, likita ya sallame shi, amma Yaya bai sallame shi ba.

Yaya Salisu dillalin shanu ne, shi ne babba a cikinmu da ke gida, kuma yana son Baba so na gaske, wannan ban taɓa musu a kansa ba. Sai dai son nasa mai nauyi ne. Baba ba ya ɗaukar buta, ba ya sunkuyawa ya ɗauki takalminsa. Masallacin da ke bakin layinmu, wanda in liman ya yi tari muna ji daga tsakar gida, a mota ake kai shi. In na yi magana, amsar Yaya ɗaya ce.

"Me mutane za su ce? A ce ina da mota, ubana yana taka ƙasa?"

Mutane kuwa sun yi ta yabo. Kowa ya shigo sai ya ce Malam Usumanu ya haifi ɗa. Ni da nake zaune a gida kan keken ɗinkina daga safe har yamma, abin da nake gani daban ne. Ƙwaurin Baba ya zube. Tashi daga kujerar nan ya koma sai an kama shi. Cin tuwo ma sai ya huta a tsakani. Daga ƙarshe salla ta koma kan wata farar kujerar roba, yana nuni da kai a madadin sujada.

Wata rana bayan la'asar na leƙa na gan shi ya idar, yana zaune a kan kujerar robar, ya miƙa hannu yana son taɓa darduma. Yatsunsa suka kai da ƙyar. Ya shafo ta, ya shafa a goshinsa. Da ya lura ina kallonsa sai ya yi murmushin kunya.

"Auta, goshina ya manta ƙasa," ya ce. "Ga Babbar Salla na zuwa. Ban taɓa yin Idi a zaune ba."

Na koma ɗaki na yi kukana, daga baya kukan ya koma haushi. Da haushin na tari Oga Benedict washegari.

Oga Benedict abokin Baba ne tun kafin a haife ni. Yana sayar da fenti a kasuwar Laranto, gidansa kuma a Gada Biyu. Sun san juna ne lokacin da mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu can kudu, ya zo neman sa na jana'iza, Baba ya zaɓa masa wanda har yau danginsa ke labari. Ya girmi Baba, amma kullum da ƙafa yake zuwa shago, da lema a hammata. Na zayyana masa komai a zaure, ban rage ba.

"Ni ma na gani," ya ce. "Wannan kujera zai kashe abokina. Bari na kawo Theodora."

Theodora 'yarsa ce, haifaffiyar Jos, tana aiki a sashen motsa jiki na wani asibiti, inda ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Ta zo ranar Asabar bayan Yaya ya tafi kara, kasuwar shanu. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida Innarmu Hadijatu, ta nemi takardun sallamarsa ta duba. Ta auna jininsa, ta matsa cinyarsa, ta ce ya tashi ba tare da ya dafa ba. Ya gwada, ya koma ya zauna yana haki.

"Tsufa ne, 'yata," ya ce.

"Akwai tsufa, Baba. Amma Daddy ya girme ka, ga shi can yana yawo. Bari na gaya maka wani abu. Jikin mutum ƙananan ɗakuna ne, ido ba ya ganinsu. A cikin kusan kowane ɗaki akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa, sunansu maitokondiriya."

"Mai me?" Inna ta tambaya daga bakin murhu.

"Maitokondiriya, Mama. Su ne suke karɓar abincin da ka ci da iskar da ka shaƙa, su mayar da su ƙarfi. Ɗaga hannu, bugun zuciya, har tunani, duk su ne suke ba da wuta. In mutum yana tsufa suna raguwa, wasu su lalace, shi ya sa gajiya take yawa. Amma ga abin daɗin: in kana motsa jiki, jiki yana share waɗanda suka lalace, masu lafiya kuma su ƙaru. In ka zauna, jiki ya ga ba a bukatarsu, sai ya rage su."

Baba ya gyara zama. Na daɗe ban ga ya ɗago bayansa daga jikin kujerar nan da kansa ba.

"Ƙaruwa suke yi? Haihuwa?"

"Rabewa suke yi, ɗaya ya zama biyu."

"In an fita da su su yaɗu, in an ɗaure su a turke su rame su ƙare."

"Haka ne, Baba."

"To ai garke ne," ya ce, yana kallon ƙafafunsa kamar yau ya fara ganinsu. "Bene, ka ji? Na sayar da shanuna na shigo gari, ashe da wani garken a jikina ban sani ba."

Oga Benedict ya yi dariya har da buga lema a ƙasa. Theodora ma ta yi, sannan ta ƙara abin da ya gama rikita gidan.

"Kuma wannan garken, Baba, daga wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ba ya ba da ko ɗaya. Naka duka na mamanka ne, ita ma na mamanta."

Baba ya ƙura wa Theodora ido. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Dada, ta rasu tun yana saurayi. Ba mu da hotonta, ba mu da ko ƙwaryarta. Abin da muka sani kawai shi ne takan ɗauko nono a ka daga rugarsu a bayan Kuru, ta kai gari ta dawo, da goyo a bayanta.

"Na Dada ne?" ya ce a hankali. "Waɗanda suka hau da ita duwatsun nan?"

"Irinsu ne, Baba. Daga gare ta suka zo."

Ya kama gwiwarsa da hannu biyu. Idonsa ya ciko, amma bakinsa dariya yake yi.

"Ta bar mini gado, na ɗaure shi a turke. Auta, ɗauke bargon nan."

Inna kuwa ta ajiye muciya ta fito tana gyara ɗankwali. "Wato duk ƙarfin da 'ya'yan gidan nan ke taƙama da shi, nawa ne?"

"Naki ne, Mama."

"To a rubuta a ajiye," ta ce. Ranar ko gishirin miya ba ta yarda an yi mata gyara ba.

Theodora ba ta bar mu da murna kawai ba. Ta sa na kai Baba wajen likitansa ya duba zuciyarsa, likita ya ce ba abin da zai hana shi motsi. Ta gargaɗe shi cewa wannan ba zai mayar da shi yaro ba, kuma garken da ya daɗe a ɗaure ba a kora shi daji rana ɗaya. Ta ce a fara da tashi da zama a bakin gado, sai zagayen tsakar gida, a riƙa ba shi ƙwai da wake da kindirmo. Maganar durƙuso kuma sai ita tana wurin.

Yaya ba mu gaya masa ba. Na so in gaya masa, har na shirya kalaman da zan jefa masa, amma Baba ya ce in bari tukuna. Da motarsa ta bar layi da safe, gidanmu sai ya koma wani gida. Baba ya tashi, ya zauna, ya tashi, yana yi wa ƙafafunsa irin kiran da ake yi wa shanu. Ya raɗa wa ta dama Fari, ta hagu Goje. Goje ce malalaciya, kullum da ita yake faɗa. Oga Benedict yakan biyo kafin ya buɗe shago, su zagaya tsakar gida tare, daga bakin rijiya zuwa gindin gwaiba, suna gardamar wanda ya fara haki.

Makon farko ya sha wuya, cinyoyinsa suka yi tsami har ya ce Theodora ta yaudare shi. Daga nan abu ya fara sauyawa. Ya cinye tuwonsa bai huta ba. Ya ɗauki butarsa da kansa, Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Wata safiya ina tsaka da ɗinki na ji muryarsa a kaina, na ɗago na gan shi tsaye a ƙofar ɗakina, ba sanda, ba bango.

"Sun haihu, Auta," ya ce. "Wallahi ina jin su."

Na bar keken na tashi na yi rawa a gabansa, ni da ban iya rawa ba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Ranar da Theodora ta durƙusar da shi a kan katifa, ya sauka lafiya, tashin ne ya gagara sai da ta tallafe shi. Ta ce saura kaɗan. Shi kuma ya ce Goje ce ta ci amanarsa.

Zumuɗi ne ya tona mana asiri. Salla ta matso, raguna sun cika bakin titi, Baba ya ce shi tsakar gida ta yi masa kaɗan. Suka fita da Oga Benedict wai su kai bakin layi su dawo. Daga bakin layi suka ga raguna, daga raguna suka zarce har tasha. A can ƙafafun suka ce sun gaji. Baba ya zauna a kan dakalin wani mai faci yana mayar da numfashi, yana dariya. Wani abokin cinikin Yaya ya gan shi, ya ɗaga waya ya kira Yaya, ya ce ga mahaifinsa can a zube a bakin tasha kamar wanda ba shi da kowa.

Kafin su iso gida a hankali, Yaya ya riga su. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai iya yi wa Baba faɗa ba, bai iya yi wa Oga Benedict ba, sai ya juyo kaina.

"Ke ce ko? Ke kika fi kowa sani. In ya faɗi ya karye fa? Gobe zan sayo keken guragu, kowa ya huta."

"Ka sayo ka hau," na ce. Na san ban kyauta ba, amma na ji sanyi a raina.

"Amatullah," Baba ya ce. Na ja baya. Ya dubi Yaya. "Salisu, zo nan. Kai dillali ne. In aka kawo maka sa wanda ya shekara a ɗaure, ana kai masa dusa har baki, da wanda ya yi kiwo, wanne zai kai Kuru da ƙafarsa?"

"Baba, kai ba sa ba ne."

"Amsa mini."

"Na kiwon."

Baba ya kwashe bayanin Theodora ya juye masa, da garke da turke da gadon Dada. Sunan abin ne kawai ya gagare shi, ya ce in faɗa, na faɗa. Yaya ya saurara kansa a ƙasa. Da ya ɗago, ba fushi a idonsa, tsoro ne.

"Ni na goya ka zuwa mota ranar da muka kai ka asibiti, Baba. Ba ka da nauyi ko kaɗan. Na ɗauka a bayana za ka cika. Na yi alkawari in Allah ya tashe ka ba za ka ƙara wahala ba."

Haushina ya sauka, tausayinsa ya kama ni. Duk watannin nan ina ganin taƙama ce da tsoron bakin mutane, ashe har da wannan a ƙasa.

"Allah ya yi maka albarka," Baba ya ce. "Ka goya ni, na gode. Yanzu sauke ni. Ranar Idi da ƙafata zan je, kuma a ƙasa zan yi salla."

Yaya ya dubi ƙafafun Baba. Sannan ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kujerar robar za ta je filin, kuma shi da kansa zai ɗauke ta. Baba ya ce ya ɗauka, motsa jiki ne.

Sauran kwanakin Yaya da kansa yake tsayawa a gefen katifa lokacin da Theodora ke sa Baba durƙuso. Wani lokaci ya tashi shi kaɗai, wani lokaci sai an ba shi hannu. Har jajibirin Salla babu wanda zai iya rantsewa a kan wanne zai faru a filin.

Ranar Idi an kwana ana ruwa, gari ya waye garau, ƙasa a jiƙe. Baba ya sa farar shaddar da na ɗinka masa. Muka fita tare, yana gaba yana kabbara, Yaya na biye da shi da farar kujera a ka, cikin babbar riga da hular da ya ci wa buri. Mutanen layi suka yi ta kallo. Ga motar a ƙofar gida, ga uban yana taka ƙasa, kuma ban ji wanda ya ce komai ba sai barka da Salla.

A bakin filin muka rabu, na wuce sahun mata can baya. Daga nan ba abin da kake gani sai huluna. Allah ya yafe mini sallar da na yi ranar, don jikina na sahu, hankalina na wajen Goje. Da liman ya yi kabbarar tashi daga sujadar raka'ar farko, na miƙe ban san ko Baba ya miƙe ba. Aka idar, aka yi huɗuba, jama'a ta watse ta ko'ina. Na nemi su Baba na rasa, na kama hanyar gida kusan da gudu.

Na tarar da Oga Benedict da Theodora a ƙofar gida tare da Inna, sun zo yi mana barka da Salla, amma kowa idonsa a bakin layi yake. Suka tambaye ni, na ce ban gani ba. Muka tsaya. Maƙwabta suka dawo, yara suka dawo, har mai jan ragon gidan gaba ya wuce.

Can sai ga su sun ɓullo ta ɗaya hanyar. Baba na tafe a hankali, Yaya na bayansa, kujerar na kansa har yanzu. Ni ban kalli fuskar kowa ba, gwiwoyin Baba na kalla. Ruwan daren jiya ya ratsa darduma. A kan farar shaddar nan, daidai gwiwa, ga tabo biyu na jar ƙasa, manya, a jiƙe. A goshinsa kuma, ƙasan hula, wani ɗan guntun ciyawa ya manne.

Theodora ta rufe baki da hannu. Oga Benedict ya ɗaga lemarsa sama ya yi ihu da Ibo, ban san me ya ce ba amma na yarda da shi. Ni kuwa na rangaɗa guɗa a tsakiyar layi.

"Ka ɓata sabuwar shadda," Inna ta ce.

"Kar a wanke yau," Baba ya ce.

Yaya ya sauke kujerar a ƙofar zaure. Ya dube ta, ya ga ba mai zama, sai ya zauna a kai da kansa ya goge fuska da hannun riga.

"Na kusa sallame salla," ya ce. "Liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe, Baba na ƙasa. Na ce shi ke nan, ya kasa. Har na fara sunkuyawa, sai na ga ya dafa ya taso shi kaɗai." Ya ɗago ya dubi Baba. "Ƙafar ce ta riƙe?"

"Ƙafa lafiyarta ƙalau," Baba ya ce. Ya kai hannu goshinsa, ya ciro ciyawar, ya dube ta a tafin hannunsa. "Mun daɗe ba mu haɗu ba ne. Gaisawa muka tsaya yi."

Ya saka ciyawar a aljihu, ya ce a kawo masa wuƙa, ragonsa na jira.